Yadda za ka gwada rawar wuta kafin ka jona ma tsohuwar kwamfuta sabon fawa saplai

Jama'a masu ajiyar tsoffin kwamfutoci irin su Commodore 64 da ZX Spectrum na 1982, ku tsaya ku ji. Fawa saplai na zamani mai suwicin, wato mai kunna wuta yana kashe ta da sauri ƙwarai a cikinshi, ƙarami ne kuma bai zafi sosai, amma wutar da yake fiddawa ba ta kwanta lumui, tana wata 'yar rawa sama da ƙasa sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, ita ce masu gyara ka ce ma ripul. Mita ta hannu ba ta ganin wanga abu yadda ya kamata, za ta nuna maka 5V cif ka ɗauka lafiya lau, dole sai osiloskop, na'urar da ke zana motsin wuta bisa allo, in ba ka da shi ka aro.

Da farko ka san iyaka. Ƙa'idar ATX, ta fawa saplai na kwamfutocin tebur, ta ce layin 5V kar rawarshi ta wuce 50mV (mV ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na V) daga tsini zuwa tsini, layin 12V kuma 120mV. Ni da ita nike aiki ko ga injin da ya girme ta, don cip ɗin TTL, irin ƙananan cip ɗin da ke cikin kwamfutocin wancan zamani, tsakanin 4.75V da 5.25V suke so, rawar da komi da komi ta tsaya cikin nan.

Sai ka ɗora ma fawa saplai ɗin lodi, wato abin da zai ja wuta, kar ka kuskura ka gwada da kwamfutar kanta, haba. Rezista mai ohm 5 da wat 10 bisa layin 5V za ta ja amfiya ɗaya, layin 12V kuwa ƙwan fitilar kabu-kabu ya isa. Gwaji ba lodi ɓata lokaci ne.

Nan ne mutane ka faɗuwa. Ka sa osiloskop ɗin kan AC, ka kunna iyakar 20MHz da ke tace hayaniyar da ta fi haka sauri, ka manna kondansa biyu bakin wayar da za ka gwada, 0.1µF ta siramik da 10µF, sannan ka cire doguwar wayar ƙasa mai bakin kada da ke jikin furob, wato sandar da kake taɓa waya da ita, ka sa gajeruwa ƙwarai, don doguwar eriya ce kawai, tana kwaso hayaniyar cajar waya da inbata da komi na ɗaki. Na taɓa wuni ina zagin wani adafta wai yana ba da kusan 200mV, ashe wayar ce, da na gajarta ta sai ga shi ya sauko ƙasa da hamsin.

In ya wuce iyaka da gaske, kondansar bakin fita za ka fara zargi. Zafi na busar da su, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu, to ka tuna watan Afrilu a Sakkwato da ake wuce digiri 40 ko cikin inuwa. Canza su da masu 105°C kuma masu ƙaramin ESR, wato turjiyar da ke cikin kondansa, in bai isa ba ka ƙara ɗan koyil da wata kondansa. Amma don Allah kafin ka sa hannu ciki ka sauke cajin babbar kondansar gaba, ta wajen shigar wuta, tana riƙe sama da 300V ko an zare soket.

Ga Commodore 64 kuma kar ka manta bayan 5V yana buƙatar 9V AC, wannan sai taransifoma, suwicin ba ya ba ka ita.