Sautukan Sashen Karɓar Kaya a Sitocin Ingila

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka sauka Ingila, aikin sito ne ke fara zuwa hannunsu, musamman a wajejen Northampton, Daventry da Lutterworth, inda manyan rumbunan ajiya suka jeru kusa da babban titin M1. In aka tura ka sashen karɓar kaya, ranar farko hayaniyar za ta cika maka kunne kamar kasuwa ta ci. Amma kowace ƙara da saƙonta, kuma sau da yawa kunne kan riga ido sanin abin da ke tafe.

Fara da tirela. Idan tana ribas zuwa ƙofar sauke kaya za ka ji "fit-fit-fit", wasu kuma "shhh-shhh" suke yi kamar rediyon da ya ɓace tasha. Daga nan sai "dum", bayanta ya taɓa robobin bango, sai hucin iskar birki. Jin wannan huci ba izinin buɗe ƙofa ba ne. Jira fitilar ciki ta zama kore, domin a lokacin ne ta waje, wadda direba ke kallo, ta zama ja. Wurare da yawa har makullin motar suke karɓa daga direba. Dalili kuwa, daben sito ya ɗara ƙasa da fiye da mita ɗaya, in direba ya ja mota ana tsakiyar sauke kaya, mutum da injinsa ƙasa za su faɗa.

Tsakanin dabe da tirela akwai gadar ƙarfe. Tana gunji in tana tashi, ta yi "ƙwal" in bakinta ya sauka a kan daben tirela. Riƙe wannan sautin da kyau. In ana cikin aiki ka ji ya sauya, ƙarfe na gogar ƙarfe duk lokacin da motar ɗaga kaya ta shiga, mai yiwuwa tirelar na zamewa gaba kaɗan-kaɗan, gadar ta kusa sakinta. Tsayar da aikin, ka kira shugaban sashe.

Ita motar ɗaga kayan, wadda za ka ji ana kira fokilif, ita ce abar tsoro. Direbanta kan danna hon a kwana da bakin ƙofa. Da ka ji, ka tsaya, ka nemi inda take, ku haɗa ido da direba kafin ka tsallaka. Da tayoyin baya take juyawa, saboda haka bayanta ne ke shara gefe, kuma nan ne sabon zuwa ke tsayawa yana zaton ya kauce. Mai aiki da batir kusan ba ta da sauti, shi ya sa wasu ke haska shuɗiyar fitila a ƙasa kafin su iso. Abin sauraro na waya kuwa, cire shi tun daga ƙofa. Wa'azi ko labaran gida su jira hutu, ai doka ta ba ka minti 20 in aikin ya wuce awa 6.

Sikana, na'urar da ke karanta lambar da ke jikin kaya, tana da murya biyu: ta amincewa, gajeriya, da ta ƙi, wadda ta bambanta daga na'ura zuwa na'ura. In ta ƙi, karanta allon. Galibi lambar ce ta yamutse a ƙarƙashin leda, ko kayan ba sa cikin oda, ko an riga an shigar da su. Kada ka yi ta dannawa, don in ta karɓa sau biyu lissafi ya ɓaci. Ka kuma riƙa ƙirga da ido: tirela mai tsawon mita 13.6 na ɗaukar falet, wato katakon da ake jera kaya a kansa, guda 26 irin na Ingila, ko 33 irin na Turai, waɗanda faɗinsu bai kai na Ingila ba.

Kayan ma suna magana. Katakon falet ya yi "ƙas" yayin ɗagawa, a sauke shi. Kwali na kacau-kacau alhali kwalabe ne a ciki, an samu fashi, sai a ɗauki hoto a rubuta a takardar kaya kafin a sa hannu. Tirelar sanyi kuwa injinta kan tashi ya mutu da kansa, don haka kada ka dogara da gunjinsa. A auna sanyin kayan, daskararre ana son sa a digiri 18 ƙasa da sifili ko ya fi haka sanyi.

Ƙararrawar gobara akan gwada ta mako-mako. Tambayi rana da lokaci tun ranar farko. In ta kaɗa a wani lokacin daban, ko ta ƙi tsayawa, ajiye komai ka nufi wurin taruwa.

Dokar hayaniya a wurin aiki ta 2005 ta ce in matsakaicin ƙarar yini ya kai desibel 80 a ma'aunin ƙarfin ƙara, sai kamfanin da ya ɗauke ka aiki ya ba ka abin toshe kunne in ka nema, a 85 kuwa sawa dole ne, kuma kyauta ake bayarwa. Ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da mita 2 ya ji ka, wurin ya cancanci a auna shi. In kana tashi aiki kunnenka na "ziii", faɗa wa shugaban sashe, ka kuma nemi ganin likitan da ka yi rajista da shi.