Babi na 7: Horar da Sabon Babur da Gane Kukan Injinsa

Wannan darasi na wanda ya sayi sabon babur ne, ko don kai kaya kasuwa, ko don zirga-zirga tsakanin gida da gona. Muna magana a kan ƙananan babura masu inji 100 zuwa 150, irin su Boxer da na Caina, waɗanda iska ce ke sanyaya injinsu. A nan Sudan ana ce wa babur "motar", makanikai kuma suna kiran kwanakinsa na farko "talyin", wato tausasawa. Mu za mu ce horo, kamar yadda ake horar da ɗan sa kafin a ɗora masa garma. Horon babur yana ɗaukar kilomita 1,000.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Fistan, wanda usta, wato makaniki, zai ce maka "bistim", yana hawa yana sauka a cikin silinda sau dubbai a kowane minti. A jikinsa akwai ringi guda 3. Biyu na sama suna tare ƙarfin wuta kada ya zurare, na ƙasa yana share baƙin mai daga bango. Bangon sabuwar silinda ba sumul yake ba. Da gangan aka bar masa ƙananan zane-zane a masana'anta, don ringi su riƙa gogarsu a hankali har su zauna daram.

Abu biyu ke ɓata wannan zama. Na farko zafi. Fistan na alminiyom ne, ya fi bangon silinda saurin kumbura. In ka matsa wa sabon inji, fistan zai kumbura ya kankare bango, wani lokaci ma ya liƙe. Na biyu kuwa lallaɓawar da ta wuce kima. Wasu sukan tayar da sabon babur su bar shi a tsaye awa guda yana kuka, wai suna horar da shi. Wannan kuskure ne babba. Babur a tsaye ba ya samun iska, kuma ringi ba sa danna bango da ƙarfin da ya kamata. Sai bangon ya yi santsi kamar gilashi tun ringi ba su zauna ba, injin ya tashi da shan mai da farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi.

Yadda za ka tuƙa shi

Da safe, in ka tayar, ka ba shi minti 1 ko 2 a silo ba tare da ka murɗa totur ba. Da daddare mai ya gangara ƙasa, yana bukatar lokaci kafin ya hau kan inji.

Daga kilomita 0 zuwa 500, kada totur ya wuce rabi, gudu kuma kada ya wuce 50. Daga 500 zuwa 1,000 kana iya kaiwa kashi uku cikin huɗu na totur. In littafin da aka ba ka tare da babur ya faɗi wani adadi daban, bi na littafin.

Kada ka tsaya a kan gudu ɗaya. Ka ƙara, ka rage, ka canza giya. Tafiyar cikin gari da gajeren zango kamar Mai Wurno zuwa Sinnar sun fi dacewa da sabon inji. Doguwar kwalta irin ta Gadarif zuwa Kasala, a bari sai an gama horo. In tafiyar ta zama dole, ka fita da asuba, ka riƙa tsayawa a inuwa minti 10 bayan kowane rabin awa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, iskar da ke bugun injin ita kanta mai zafi ce. Kuma ko ya yi zafi kamar garwashi, kada ka watsa masa ruwa. Ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi yakan lanƙwashe ko ya tsage.

Akwai laifin da mutane da yawa ba su ɗauke shi laifi ba: barin babur a giya ta 4 alhali yana tafiyar ƙafa, musamman a cikin rairayi ko a hawa. Injin sai ya riƙa fizga yana nishi. Wannan wahalar ta kai ta gudu, ko ta fi. Da ka ji ya yi nauyi, sauko giya ta 2. Buhun dawa, jarkokin ruwa da goyon mutum biyu, duk su jira. Da damina kuma, baƙar lakar Gadarif takan cushe haƙarƙarin da ke jikin inji, alhali ta nan yake shan iska. Bari ya huce, sannan ka wanke.

Juyen mai na farko

A kilomita 500 ake zubar da man farko, ko da ka ga bai yi baƙi ba, domin yana ɗauke da garin ƙarfen da ringi suka goge. A juye shi inji yana da ɗumi, a tara a kwano mai tsabta, a duba a rana. Ƙyalli-ƙyalli mai laushi kamar gari ba komai ba ne a juyen farko. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke iya ji kamar tsakuwa, wannan a mayar da babur wurin da aka saya.

A yanayinmu an fi amfani da mai lamba 20W-50. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Dalili shi ne kulocin babur a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuwa suna da santsin da ke sa shi zamewa. Yawancin waɗannan injuna suna cin kusan lita 1, kuma sau da yawa adadin yana rubuce kusa da murfin mai. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka, ka guje shi. Wajen ɗaure notin ƙasa a yi a hankali, zaren alminiyom ba ya jure ƙarfin tuwo.

A wannan ranar ce za a wanke rariyar mai, a duba matatar iska, a bi notuna duka a ɗaure. Sarƙa, wato "jinzir", a bar mata wasa na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Matatar iska kuwa, duk ranar da habub, wato guguwar ƙura, ya taso a sake duba ta, domin ƙurar da ta wuce ta tana cin ringi kamar sanfefa.

Kukan inji

Sabon inji mai lafiya ba shiru yake ba. Abin da ake so shi ne ka san kukansa tun yana sabo, don ranar da ya canza murya ka gane. In ka ji baƙon sauti, tambayi kanka abu uku. Daga ina yake fitowa, sama ko ƙasa? Yaushe yake zuwa, da sanyi ko da zafi? Yana bin totur ne, ko yana bin gudun taya? Dogon sukundireba yana taimakawa. Ɗora bakinsa a jikin inji, ka kara mariƙin a kunne, ka riƙa canza wuri. Yi nesa da sarƙa da wayar fulogi.

Wanda aka fi ji shi ne kas-kas-kas daga kan inji, kamar keken ɗinki. Wannan bawul ne, "buluf" a bakin makanikai. Tsakanin bawul da abin da ke danna shi akwai 'yar tazara, yawanci daga 0.05 zuwa 0.10 na milimita, kusan kaurin gashin kai. An bar ta ne don ƙarfe ya sami wurin miƙewa in ya yi zafi. A lokacin horo tazarar takan canza. In ta buɗe da yawa, ƙarar takan yi ƙarfi, gyaranta kuma bai fi rabin awa ba.

A nan ne muke so a natsu. Mutane sukan je gareji su ce, "Usta, kashe mini wannan ƙarar." Makaniki mai son faranta rai sai ya matse bawul har ƙarar ta ɓace. Mai babur ya tafi yana murna, alhali an cuce shi. Bawul da aka matse ba ya rufewa sosai in inji ya yi zafi. Wuta sai ta riƙa bi ta gefensa har ta ƙone shi. Alamominsa su ne wuyar tashi, mutuwa a silo bayan an yi tafiya, kik ya yi sakwaf, ƙarfi ya ragu. 'Yar ƙarar bawul ta fi wannan shirun alheri nesa ba kusa ba. Saboda haka kada ka yarda a saita maka bawul da kunne ko da inji mai zafi. Sai ya huce sarai, a juya shi zuwa alamar T, wadda ke nuna fistan ya kai ƙololuwar sama, a auna da siririn ma'aunin nan da ake kira fila, bisa lambar da ke littafi.

Sauti na biyu shi ne ƙil-ƙil kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, yana zuwa in ka murɗa totur a hawa ko da kaya, inji kuma ya yi zafi. Fetur ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba. Sababinsa gurɓataccen fetur, ko zafi, ko babbar giya a ƙaramin gudu. Sassauta totur, sauko giya. In bai daina ba, juye fetur ɗin, musamman in na kwalba ne na bakin hanya, ka kuma cire fulogi ka duba. Bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Fari fat yana nuna fetur ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, kuma hakan yana iya huda fistan.

Shar-shar daga gefen silinda, a injin da ke da sarƙar taimin, yana nuna sarƙar ta yi sako-sako, a duba abin da ke ɗame ta. Injunan samfurin CG ba su da wannan sarƙa. Fat-fat daga inda salansa ta haɗu da inji, tare da baƙin toka a wurin, noti ne ya kwance ko gasket ya fashe. Ƙarar da ke ɓacewa da zarar ka matse kuloci, daga kuloci take, in kaɗan ce ba ta da haɗari. Wadda ke bin gudun taya, ba ta bin totur, ba ta inji ba ce. Duba sarƙa da murfinta. Tas-tas bayan ka kashe inji kuwa ƙarfe ne ke hucewa.

Akwai ɗaya da ba a jira da shi: ƙwal-ƙwal mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma a cikin tukunya, yana ƙaruwa in an ba shi wuta. Wannan boris ɗin sandar fistan ne ko na kiranshaf, kuma sau da yawa rashin mai ke jawo shi. Kashe inji nan take. Duba mai. Kada ka ce bari in lallaɓa in kai gida. Tura shi, ko ka ɗora shi a raksha, wato keke mai ƙafa uku, ko karo, wato amalanke. In babur yana cikin garanti, kada ka bari kowa ya kwance injin kafin wanda ya sayar maka ya gani, kuma ka tafi da rasit ɗinka.

Aikin yi

Ka sami ƙaramin littafi ka ja layi uku: rana, kilomita, abin da aka yi. Rubuta lambar da mita ke nunawa yau. Ka ɗauki kukan injinka a waya na daƙiƙa 30 da sanyin safiya, ka sake ɗauka bayan tafiyar minti 15. A zama na gaba kowa ya zo da littafinsa da wayarsa, za a saurara tare, kowa ya faɗi daga inda yake ganin sautin ke fitowa.