Yadda ake tuƙa Cromwell a World of Tanks

A World of Tanks, wasan kwamfuta na yaƙin tankoki, Cromwell tankar Birtaniya ce mai matsakaicin nauyi, tana mataki na 6 a jerin matakan ƙarfin tankoki, daga ita sai tankar Comet. Ta asali ta shiga fagen daga a Normandi a 1944 da injin Rolls-Royce Meteor, kuma a wasan ma injin nan ne jarinta: tana kai kilomita 64 a awa.

Ka fara sanin inda take da rauni. Sulken gabanta milimita 64 ne, na kai mai juyawa (inda igwa take) 76, kuma a miƙe suke kamar bango, babu karkatar da za ta sa harsashi ya zame. Kusan duk abin da ya same ta sai ya huda. Babbar tankar KV-2 mai igwar milimita 152 na iya gamawa da ita da harbi ɗaya. Don haka kada ka tsaya gaba da gaba da babbar tanka a lungunan taswirar birni ta Himmelsdorf kuna musayar wuta.

Igwarta mafi ƙarfi, Vickers HV mai milimita 75, tana huda sulke mai kaurin milimita 145, ɓarnar kowane harsashi kusan maki 135 daga ran tankar abokin gaba, kuma tana sake ɗuri cikin daƙiƙa 4 ko kusa da haka. Ɓarnar kaɗan ce, amma a jere take zuwa. Matsalar ita ce saiti. Da tankar ta motsa sai da'irar saitin ta buɗe wangwam, harsashi ya tafi inda ya ga dama. In abokin gaba yana nesa, taka birki, jira da'irar ta tsuke, harba, ka ja baya. Harbi a guje sai an zo dab da dab. Horar da mai harbi da direba kan dabarun da ke rage wannan buɗewar, ka kuma sa na'urar saurin ɗuri.

Kuskuren da ya fi kashe masu Cromwell shi ne gaggawa. Gudun yana ruɗar mutum ya isa bakin daga shi kaɗai tun minti na farko, kafin 'yan ƙungiyarsa su iso, sai igwa biyar su taru a kansa. Yi amfani da gudun wajen kama tudu ko daji mai kyau, sannan ka dakata har taswira ta nuna inda manyan tankoki suka nufa.

Can tsakiyar wasa, idan layi ya yi giɓi, lokacinta ya yi. Nemi wadda ta ware ita kaɗai, musamman mai nauyin juya kai ko maharbiyar da ba ta da kai mai juyawa, kamar SU-152. Harbi sarƙarta ta tsaya cak, ka zagaya bayanta kana zuba mata wuta a inji. Kafin ka shiga zagayen, duba ko akwai dutse ko gangare a hanyarka, domin karo ɗaya ya isa ya tsayar da kai a bakin igwarta.

In an haɗa ka da tankokin mataki na 8, gaban babbar tankar IS-3 ya fi ƙarfin harsashinka na yau da kullum. Nemi gefe ko baya, ko ka koma leƙen asiri wa manyan ƙungiyarka.