Darasi na Bakwai: Sana'ar Shirya Taro da Baje Koli

Mai shirya baje koli fili yake kamawa haya, ya yanka shi rumfa-rumfa, ya sayar wa 'yan kasuwa na 'yan kwanaki. Shi kuma ɗan kasuwar da ya biya kuɗin rumfa, abin da yake nema shi ne mutanen da za su tsaya a gabansa su taya kayansa. Idan masu saye ba su zo ba, ko da ka shimfiɗa masa darduma mai tsada, baɗi ba za ka gan shi ba.

Sana'ar ta daɗe. A 1851 an yi babban baje koli a birnin Landan wanda mutane kusan miliyan 6 suka shiga. Na garin Hannover a Jamus ya fara a 1947, na Guangzhou a ƙasar Sin kuma a 1957, har yanzu ana yin sa sau biyu a shekara. Waɗannan sun yi suna ne don masu sari sun san in sun je za su tarar da masu kaya, masu kaya kuma sun san masu sari na tafe.

Inda kuɗi ke shigowa

Ƙofofi uku ne: kuɗin rumfa, kuɗin shiga, da kuɗin kamfanonin da ke ɗaukar nauyi don a sa sunansu a alluna da takardu. A baje koli, rumfa ce uwa. A taron ƙara wa juna sani kuwa, inda ake zama a saurari masana, kuɗin rajista da na masu ɗaukar nauyi ne ke riƙe da tafiyar.

Bari mu yi lissafi tare. Ɗauki alƙalami. Rumfar da aka fi sabawa da ita mita 3 ce tsawo, mita 3 faɗi, wato murabba'in mita 9. A ce zauren da ka kama mita 40 ne tsawo, mita 30 faɗi. Ka sami murabba'in mita 1,200 ke nan. Sabon shiga yakan raba 1,200 gida 9, ya ga 133, ya fara murna. Kuskure ne. Ina hanyar wucewa? Ina teburin rajista, wurin zama, da ƙofofin fita in gobara ta tashi? Waɗannan na iya cinye rabin filin. Saura 600, wato rumfa 66.

Yanzu tara duk abin da za ka kashe: haya, lantarki da janareta, masu gadi, masu shara, lasifika, talla, inshora, takardun izini. A ce jimlarsu ta kai kuɗin rumfa 45. To, rumfa ta 46 ce farkon ribarka. In 40 ka sayar, ka faɗi, ko da zauren ya cika maƙil da 'yan kallo. Rubuta wannan lamba ta 45 ka manna a inda za ka riƙa ganinta kullum.

Wani abin da ake mantawa: taron kwana uku ba hayar kwana uku ba ce. Akwai ranar kafa rumfuna, akwai ranar kwashewa, duka mai zaure zai caje ka.

Kuɗi na fita kafin ya shigo

Nan ne mutane da yawa ke karyewa. Mai zaure zai nemi kafin alƙalami watanni kafin ranar, haka mai buga takardu, alhali 'yan kasuwa na jan ƙafa suna cewa "ka ajiye mini guda, zan turo." Wannan magana ba ciniki ba ce. Rumfar da ba a biya komai a kanta ba, ba a sayar da ita ba. Ka karɓi wani kaso tun ranar da mutum ya zaɓi wuri, ka ba shi rasit, ka sa ranar cikawa. Wanda ya biya da wuri ka yi masa ragi, ko ka ba shi rumfar kusurwa mai fuska biyu, wadda kowa ke so.

Yarjejeniya kuma a rubuce. Ta faɗi abin da zai faru da kuɗin kowa in aka ɗage taron ko aka soke shi. A 2020, da cutar korona ta ɓulla, an soke babban taron wayoyin salula na Barcelona ana saura kwanaki kaɗan a buɗe, na Hannover ma bai yiwu ba a shekarar. Tun da manya haka ta same su, kai ma kada ka sa hannu sai ka karanta wannan sashe, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka.

Su wa za ka gayyata

Ni a ganina, gara masu saye 200 da 'yan yawon buɗe ido 2,000. Zaɓi fanni guda da ka sani, kamar kayan noma ko kayan gini, ka bi masu sarinsa ɗaya bayan ɗaya da waya da katin gayyata. Duba kalanda, kada ranarka ta ci karo da babban biki ko wani taro irin naka. In akwai masu jawabi, ka yanka wa kowa lokaci, ka sa mai riƙe agogo da ba ya jin nauyin tsayar da babba.

A ranar ƙarshe, kafin a fara kwance rumfuna, zagaya da littafi. Tambayi kowa: mutum nawa suka nuna sha'awar kayanka, me ya ɓata maka rai? Wanda ya yi ciniki, nan take ka nuna masa taswirar baɗi ya zaɓi wurinsa.

Aiki: zaure mai mita 30 tsawo da mita 24 faɗi, an cire rabi don hanyoyi. Rumfa nawa mai murabba'in mita 9 zai ɗauka? In kuɗin da ka kashe ya kai na rumfa 28, ribar rumfa nawa za ka samu idan ka sayar da duka?