Shawara ga mai son sa Dullahan a wasan tebur

Idan kana jagorantar wasan labari da kowane ɗan wasa ke da gwarzonsa a ciki, irin Dungeons & Dragons, kada ka kwana kana ƙirƙira wa Dullahan, wato mahayin doki marar kai na tatsuniya, sabon lissafin ƙarfi. Ɗauki na mahayin doki da ke littafin wasanka, sannan ka sa ya kira sunan gwarzon ɗaya daga cikin 'yan wasa tun farkon zama.

A tatsuniyoyin ƙasar Ailan, wannan mahayi yana tafe bisa baƙin doki, kansa a hammata, bulalarsa ƙashin bayan mutum, kuma duk wanda ya ambaci sunansa ajalinsa ya zo. Ƙofa ba ta tare shi, ko da an garƙame ta da kwaɗo. To, da na gwada, sai na ga wanda aka kira ya ajiye wayarsa, sauran kuma suna ta gardamar yadda za su cece shi kafin asuba.

Ka ɓoye musu ɗan zoben zinariya a hanya, domin zinariya ce abin da Dullahan yake tsoro.

Amma dabarar tana rushewa idan jakunkunansu cike suke da zinariya. A nan sai ka ce tana jinkirta shi ne kawai, dare ɗaya.