Yadda ake zaɓo ƙungiyoyin da za su ba gwamnati shawara kan halatta kuɗin haram

Kwanan baya ƙanena da ke aikin gwamnati a nan Yamai ya same ni bayan sallar isha'i, fuska a yamutse. An ɗora masa nemo ƙungiyoyin da za su zauna a wani kwamitin ba da shawara kan dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram. "Yaya, ta ina zan fara?" Na ce ya fara da ajiye tsohuwar takardar gayyatar da ya gada a biro, don na san sunayen da ke cikinta tun ban gani ba. Na yi shekaru ina kula da bin ƙa'ida a wani asusun ajiya da bashi, kuma fuskokin da nake tararwa a ɗakunan taro ba su taɓa canzawa ba. Abin da na gaya masa daren nan shi ne wannan.

Kafin ka kira kowa, rubuta a shafi ɗaya abin da kwamitin zai yi. Layin farko ya fito fili ya ce wannan kwamiti ba CENTIF ba ne, wato hukumar ƙasa mai tace bayanan hada-hadar kuɗi. CENTIF ce ke karɓar rahoton hada-hadar da ake zargi daga bankuna da sauran waɗanda doka ta ɗora wa wannan nauyi, ta tace, in ta ga hujja ta miƙa wa mai gabatar da ƙara. Kwamitin shawara ba ya buɗe dosiyen kowa. In ba ka faɗi haka ba, ɗan kasuwar Katako zai ɗauka 'yan kai tsegumi ake nema, sai ya aiko maka yaron shagonsa.

A shafin nan kuma ka faɗi iyakar ikon kwamitin, kar ka yi musu romon baka. Yawancin ƙa'idojin nan daga sama suke gangarowa. Hukumar GAFI da aka kafa a Paris a 1989 ce ke da shawarwari 40 kan yaƙi da halatta kuɗin haram da duniya ke bi. UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, ta mayar da su umurni a 2015, Nijar ta yi dokarta mai lamba 2016-33, sannan a 2023 ministocin yankin suka amince da sabon daftarin doka ta bai ɗaya. Umurnin babban bankin yankin, BCEAO, na 2017 ne ya sa a riƙa sanar da CENTIF hada-hadar tsabar kuɗi da ta kai sefa miliyan 15. Babu kwamitin Yamai da zai goge wannan adadi. Abin da zai iya shi ne ya ce ga yadda za a aiwatar ba tare da an kori talaka daga banki ba, ga takardar da za a iya nema a wurin wanda ba shi da katin ɗan ƙasa, ga yaren da za a yi bayani da shi.

Daga nan sai neman mutane, kuma a nan ne ake yin kuskure mafi girma. Kar ka fara da sunayen ƙungiyoyi. Ɗauki farar takarda ka bi hanyar da kuɗi ke bi, ka ajiye rahoton da GIABA, hukumar yammacin Afirka mai auna yadda ƙasashe ke bin shawarwarin GAFI, ta fitar kan Nijar a 2021 a gefenka. Bankuna suna da ƙungiyarsu APBEF, masu lissafin kuɗi suna da ONECCA, lauyoyi da notoci duk suna da nasu tsarin. Waɗannan wasiƙa ɗaya ta ishe su, ba sa buƙatar lallashi. Wahalar tana wurin sauran: kamfanonin aika kuɗi da ƙananan rassansu, masu kuɗin salula, 'yan canji, dillalan filaye, masu sayar da motoci, masu fitar da kaya a duwan, da masu sayen zinariya. Tun da aka gano zinariyar Jado a 2014 wannan sana'a ta zama wata duniya, amma da wuya ka ga mai sikelin awo a ɗakin taro.

Ni ɗan Tawa ne, shi ya sa nake nacewa a kan wannan. A Adar gida nawa ne ba ya cin kuɗin ɗan ci-rani? Daga Abijan, daga Libiya, daga Najeriya, kuɗin na isowa ta waya da amana: a ba wani can, ɗan'uwansa ya biya a nan. Haka kuɗin albasar Galmi, haka na dabbobin Badagishiri. Na taɓa zama da wani dattijo mai fataucin albasa da muka tsare masa ajiyarsa har sai ya kawo shaidar inda kuɗin suka fito. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, albasa tana da rasit ne? Kai ɗin nan ka san gonata." Na ce, "Baba, na sani, takarda ce ba ta sani ba." Ya kwashe kuɗinsa bai sake dawowa ba, kuma ban yi tsammanin dokar ta ci wata riba da tafiyarsa ba. Irin wannan dattijo nake so a kwamitin, ko wakilin da ƙungiyarsu ta yarda da shi. Shi ne zai gaya muku cewa shaidar sarkin kasuwa ko takardar lodin mota na iya tsayawa a madadin rasit, shi ne kuma ya san wanda ya shigo sana'ar jiya da buhunan kuɗin da babu albasar da ta haife su.

Ƙungiyoyin agaji a ba su kujera fiye da ɗaya. Shawara ta 8 ta GAFI a kansu take, kuma an gyara ta a 2016 don a daina yi wa dukansu kallon masu hatsari. Babbar ONG mai ofis a Plateau ba za ta yi magana da bakin ƙaramar ƙungiyar da ke tara zakka tana haƙa rijiya ba. Kar a manta da mata masu adashe. Tsarin Mata Masu Dubara tun 1991 ya fara a Maraɗi, kuma kuɗi na juyawa a cikinsa a kowane lungu na ƙasar nan.

Sanarwa a jaridar Le Sahel dole ce, amma ma'aikata ne ke karanta ta. A kai ta gidan rediyon Muryar Sahel da rediyoyin karkara, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci. A bi ta rassan majalisar 'yan kasuwa a jihohi takwas. A naɗi saƙon murya na minti biyu a saka a WhatsApp. Wa'adi kar ya gaza wata guda, kuma a yarda mutum ya ajiye takardunsa a jiharsa. Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500. Babu wanda zai rufe shago ya yi wannan tafiya don miƙa ambulan.

Takardun da za a nema kar su yi yawa: takardar amincewar hukuma, dokokin ƙungiya, rahoton babban taronsu na ƙarshe, yawan membobi da inda suke, sunan wakili da na mai maye masa gurbi, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta wakilin ba. Sai abu guda da na fi ba muhimmanci. A ce su kawo ƙa'ida ɗaya da ke cutar membobinsu, su faɗi yadda za a gyara ta, cikin rabin shafi. Wanda ba ya rubutu a saurare shi da baki, a rubuta masa. Wannan rabin shafi shi ke raba tsaki da tsakuwa. Mai sana'a zai kawo maka labarin ranar Talatar da ta wuce, ɗan bin taro kuwa zai kwafo maka kalmomin sanarwarka.

Sannan ka tantance da ƙafarka. Muna da ƙungiyoyin cikin jaka da yawa, shugaba da hatimi kawai. Je ka adireshin da suka bayar, kira membobi uku da ka zaɓa da kanka. In sana'a ɗaya tana da ƙungiyoyi biyu masu gaba da juna, kar ka zama alƙalinsu. Ba ɗaya kujera, ɗayar ta zama mai maye gurbi, su yi musanya bayan shekara. Kowane wakili ya rubuta ko yana riƙe da muƙamin siyasa, ko yana sayar da horo ko manhajar bin ƙa'ida. Mai sayar da horo kullum zai ce a ƙara tsaurara doka, ai kasuwarsa ce.

A ganina kujeru kar su wuce ashirin, kuma bankuna da ƙwararru kar su kai rabi, don in suka fara Faransancinsu na gajerun haruffa, sauran sai su yi shiru su jira abincin rana. A kawo tafinta. A biya wa na jihohi kuɗin mota da masauki, amma kar a sa kuɗin zama mai tsoka, in ba haka ba ƙungiyoyi za su riƙa turo wanda layin cin ambulan ya zo kansa. Waɗanda ba a ɗauka ba a rubuta musu dalili, a ajiye lambobinsu don ranar da za a tattauna sana'arsu.

Akwai dalilin da zai sa shugabanninka su yarda da wannan wahala. Masu bincike na GIABA idan sun zo ba gwamnati kaɗai suke tambaya ba, suna zama da masu sana'a su ji ko sun fahimci dokar. Senegal da Burkina Faso sun shiga jerin ƙasashen da GAFI ke sa wa ido a Fabrairun 2021, Mali ta bi a Oktoba, Najeriya a 2023, kuma kowacce sai da ta yi shekaru kafin ta fita.

Ƙanena ya miƙe zai tafi, sai na tuna abu ɗaya. Na ce ya duba kalanda kafin ya sa ranar zaman farko. Kar ya sa shi a makonni biyun da ke gaban babbar salla, don ba zai ga ko ɗan tireda ba balle dillalin raguna, kuma kar ya sa shi ranar Alhamis in yana son mutanen Badagishiri, ranar kasuwarsu ce.