Yadda ake girki mai yawa a daskarar ga mai bin tsarin abinci na cutar garkuwar jiki

Wanda yake fama da ɗaya daga cikin cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, kamar lufus, ko cutar Hashimoto mai kama ƙwayar thyroid da ke wuya, ko cutar Crohn ta hanji, ko amosanin gaɓɓai mai kumburi, ya san cewa kwanakinsa ba ɗaya ba ne. Akwai ranar da zai tashi da ƙarfinsa, akwai kuma ranar da ko wuƙa ba zai iya riƙewa ya yanka albasa ba. Idan aka ɗora masa tsarin abinci mai yawan hani, ranar rashin ƙarfin ce take rusa tsarin, domin yunwa ba ta jira, kuma abin da ya fi kusa da hannu galibi shi ne abin da aka ce ya bari. Amfanin girki mai yawa a zama ɗaya shi ne a yi aikin ranar ciwo tun a ranar sauƙi, a ajiye shi a firiza cikin yanayin da ba zai cutar ba.

Tsarin da aka fi sani a wannan fanni shi ne wanda ake kira Autoimmune Protocol, ko AIP a taƙaice, wato tsarin barin wasu abinci na ɗan lokaci domin a gano waɗanda ke tayar da ciwo. A matakinsa na farko ana barin hatsi kowane iri, da wake da gyaɗa da waken soya, da madara da duk abin da aka sarrafa daga gare ta, da ƙwai, da kofi da kokon da ake yin cakulan da shi, da sukarin masana'anta, da man girkin da aka tatso daga ƙwayoyin tsirrai. Ana kuma barin dangin tumatir baki ɗaya, wato tumatir da tattasai da barkono da gauta da dankalin Turawa. Abin da ya rage shi ne nama da kifi da kayan ciki, da ganyaye, da kabewa da karas da kabeji, da dankalin Hausa da doya da rogo, da man zaitun da man kwakwa. Wannan mataki yakan ɗauki kwana 30 zuwa 90, ba na har abada ba ne, kuma bayansa ana dawo da abubuwan da aka bari ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka yi a kan tsarin ƙanana ne. Wanda aka wallafa a Amurka a 2017 mutum 15 masu kumburin hanji kawai ya ƙunsa, kuma 11 daga cikinsu alamomin ciwonsu sun lafa zuwa mako na shida. Saboda haka a fara shi da sanin likita ko masanin abinci mai gina jiki, kuma kada a ajiye magani a kansa.

Kafin a kunna wuta, a zauna da takarda a ƙidaya. Mutum ɗaya da yake son abincin rana da na dare na mako biyu yana bukatar kaso 28, kuma wannan adadi shi ne zai nuna yawan naman da za a saya da yawan mazuban da za a tanada. A duba girman firiza tukuna, domin babu amfani a dafa abin da ba shi da wurin zama. Shawarata ga mai raunin jiki ita ce kada ya haɗa cefane da girki a rana ɗaya. Ya yi cefane yau, ya wanke ya yanyanka gobe yana zaune, ya dafa jibi, ko kuwa ya riƙa ninka duk girkin da ya yi sau uku, ya ci kaso ɗaya ya daskarar da biyu, har firiza ta cika a hankali ba tare da ya kwanta kwana biyu saboda gajiya ba.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne a daskarar da abinci daban-daban maimakon a haɗe shi a tukunya ɗaya. A dafa nama shi kaɗai da gishiri da albasa da citta da tafarnuwa, a dafa dankalin Hausa ko doya a niƙe su kaɗai, a yi miya ita kaɗai, a tanadi ganye shi kaɗai. Dalilai biyu ne. Na farko, wanda zaɓinsa ya taƙaita yana saurin gundura, amma idan yana da nama iri uku da miya iri biyu da abin haɗi iri uku, zai iya sauya haɗin kullum. Na biyu kuma ya fi nauyi. Idan daga baya ya gane cewa jikinsa ba ya karɓar kwakwa, misali, kuma ya riga ya zuba madararta a cikin kaso ashirin, to asarar duka ce, alhali da an ware ta, miya ɗaya kawai za a fitar.

Rashin tumatir shi ne abin da ya fi damun masu fara wannan tsari, kuma akwai mafita. A dafa kabewa da karas da albasa har su yi lugub, a niƙa su da tafarnuwa da ɗan man zaitun, sannan a matsa lemon tsami a ƙarshe domin ya ba da tsamin da tumatir kan bayar. Tunda an cire barkono da masoro, zafin miya zai fito ne daga ɗanyar citta, ƙamshi kuma daga kirfa da kanumfari da ganyayen ƙamshi. A guji dunƙulen ɗanɗano da garin kayan yajin da aka haɗa a masana'anta sai an karanta abin da ke cikinsu, domin sau da yawa akwai garin barkono ko sitacin masara ko alkama a ciki. Madadinsu shi ne romon ƙashi da aka daɗe ana dafawa a kan ƙaramar wuta, a tace shi, a zuba a farantin yin ƙanƙara, ta yadda za a riƙa ɗaukar ɗan dunƙule biyu ko uku ana jefawa a miya. Wanda ba ya son ɗanɗanon hanta zai iya niƙa kaɗan ya cuɗa da niƙaƙƙen nama ya mulmula ya gasa, kuma irin wannan mulmulallen nama yana daskarewa lafiya.

Hucewar abinci ita ce gaɓar da ta fi kowace haɗari, kuma a nan nake so a fi natsuwa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma babbar tukunyar miyar nama da aka rufe aka bari tana iya shafe awanni masu yawa tsakiyarta na cikin wannan zangon zafi. Akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens wadda ƙwayoyin irin da take tsirowa daga gare su ba sa mutuwa da dahuwa, kuma a irin wannan hucewa ta sannu a hankali take farfaɗowa ta yawaita. Wannan ya fi shafar masu cutar garkuwar jiki fiye da sauran mutane, domin da yawansu suna shan magungunan da ke danne garkuwa, irin su methotrexate da prednisolone, kuma gurɓataccen abincin da zai ba mai lafiya gudawar kwana ɗaya zai iya kai su gadon asibiti. Ƙa'idar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya idan zafin wurin ya haura digiri 32. Domin a cimma haka, a juye shi a mazubai masu faɗi wanda zurfin abincin bai wuce santimita 5 ba, ko a tsoma tukunyar cikin ruwan sanyi mai ƙanƙara ana juya miyar, a kuma yanka manyan tsokoki ƙanana kafin a sa su a firji. Sai abincin ya yi sanyi sannan a mayar da shi firiza, domin kada ɗuminsa ya narkar da abin da ya riga shi shiga.

Akwai ƙarin dalilin gaggawa ga wasu. Sinadarin histamin yana taruwa a nama da kifi gwargwadon daɗewarsu, dahuwa ba ta lalata shi, amma daskarewa tana tsayar da ƙaruwarsa. Wanda ya lura cewa ragowar abincin da ya kwana biyu a firji yana sa masa ƙaiƙayi ko ciwon kai, gara ya daskarar da girkinsa a ranar da ya yi shi. Ko ga wanda ba shi da wannan matsala, abin da ba za a ci cikin kwana uku zuwa huɗu ba bai kamata ya zauna a firji ba.

A zuba kowane kaso daidai cin mutum ɗaya, domin kada a narkar da abin da ya fi bukata. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, saboda haka a bar sarari kamar faɗin yatsa biyu a saman mazubi, musamman na gilashi, wanda kan fashe idan an cika shi maƙil. Idan leda mai zif ce, a matse iskar duka a shimfiɗa ta ta daskare a kwance, domin ta fi saurin daskarewa da narkewa, ga kuma rage cin wuri. Iskar da aka bari ita ce take busar da saman nama ya yi fari-fari ya rasa ɗanɗano. Firiza ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma miya da dafaffen nama su ƙare cikin wata biyu zuwa uku, kafin ɗanɗanonsu ya fara raguwa.

A kan kowane mazubi a rubuta ranar girki da duk abin da aka zuba a ciki, har da kayan ƙamshi. Idan lokacin dawo da abinci ya yi, ana gwada abu ɗaya ne a saurari jiki na wasu kwanaki, kuma gwajin ba zai faɗi gaskiya ba sai an tabbata da abin da ke cikin sauran abincin makon. A gidan da wasu ke cin komai, a ware wa mai ciwon aljihu guda a firiza, musamman mai cutar siliyak, wanda ɗan ɓurɓushin alkama ya isa ya tayar masa da ciwo.

Latas da kokwamba ba sa jure daskarewa, sai dai a ci su ɗanyu. Alayyahu da kabeji kuwa a tsoma su a tafasasshen ruwa na minti biyu zuwa uku, a tsame a jefa a ruwan sanyi, a matse sannan a daskarar. Madarar kwakwa takan tsinke idan ta narke, don haka ya fi kyau a zuba ta lokacin ɗumame.

Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, dakatar da su kawai take yi, kuma da zarar abinci ya narke sai su ci gaba daga inda suka tsaya. Saboda haka kada a bar daskararren abinci a kan tebur ya narke da kansa. A sauko da shi firji tun daren jiya, ko a tsoma rufaffiyar ledar cikin ruwan sanyi ana sauya ruwan duk bayan minti 30, ko a juye miyar a daskare cikin tukunya a kan ƙaramar wuta. A ɗumama har tsakiyarsa ya kai digiri 74, miya kuma ta tafasa sosai ana juyawa, kuma sau ɗaya kawai ake ɗumama kaso. Idan wutar lantarki ta ɗauke, cikakkiyar firizar da ba a buɗe ba tana riƙe sanyinta kimanin awa 48, wadda take rabi kuma kimanin awa 24, shi ya sa yake da kyau a cike gurabun da babu komai da robobin ruwa. Bayan wuta ta dawo, abin da har yanzu yake da ƙanƙara a jikinsa za a iya sake daskarar da shi, wanda ya narke ya yi ɗumi kuwa a zubar ko da bai yi wari ba.